Ƙanena ba ya ji, ganinsa kuma yana tafiya: in na gyara masa gem ya koma birel, na taka haƙƙin mallaka?

Tambaya: Ƙanena kurma aka haife shi. Yanzu da ya haura shekara ashirin idanunsa ma sun fara rufewa, likita ya ce ciwon Usher ne. Tun yana yaro ba shi da abin so kamar gem, wato wasan bidiyo, kuma ya fara koyon rubutun makafi, wato birel. Ni ina rubuta manhaja, ina so in haɗa wani abu da zai riƙa kai abin da ke faruwa a cikin gem zuwa na'urar birel. Yin haka ya saɓa wa haƙƙin mallakar kamfanin da ya yi gem ɗin? In na gama, zan iya raba wa wasu masu irin lalurarsa?

Amsa: Allah ya ba ƙanenka lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri a kan wannan zumunci. Ɗan'uwa, abin da ka rubuta da hannunka naka ne, kuma akwai hanyar da za ka bi ka gina shi har ka raba shi ba tare da ka ɗauki komai na kowa ba. Inda doka take kama mutum wuri uku ne: in ya raba wani yanki na kayan kamfanin, in ya fasa makullin da suka sa wa gem ɗin, ko in ya shiga sabarsu, wato kwamfutocinsu na intanet, da abin da sharuɗɗansu suka hana. Amma kafin mu je can sai mun fara da abin da ƙanenka yake bukata, domin shi ne zai nuna wane ɓangare na gem ɗin hannunka zai taɓa.

Mai ciwon Usher yakan fara ne da dundumi, sai gefen ganinsa ya riƙa tsukewa kamar mai leƙe ta cikin bututu, tsakiyar ganin kuwa takan daɗe. Don haka ka tambaye shi me yake iya gani yau. Wataƙila manyan haruffa, da fari a kan baƙi, da tattara duk bayanai a tsakiyar allo za su ishe shi na wasu shekaru, birel ɗin kuma a riƙa gina shi a hankali kafin ranar da zai dogara da shi kaɗai.

Matsalar wanda ya haɗa kurumta da makanta ita ce duk gyaran da kamfanoni ke yi, da gaɓa ɗaya suke rufe giɓin ɗaya. Kurma a rubuta masa magana a ƙasan allo. Makaho a ba shi sauti da muryar da ke karanta masa. Gem ɗin The Last of Us Part II da ya fito a 2020 ya zo da zaɓin sauƙaƙawa sama da 60, har makafi suka buga shi daga farko zuwa ƙarshe, amma da kunne suka buga shi. A 2022 da aka sake fitar da kashi na farko a PlayStation 5, an sa hannun gem ya riƙa jijjiga daidai da yadda ake furta magana, don kurma ya ji a tafinsa ko cikin fushi ake maganar ko cikin raɗa. Abu ne mai kyau ƙwarai, sai dai kalmomin kansu suna nan a kan allo, ga mai ido. Wanda ba shi da ko ɗaya, fata ce kaɗai ƙofarsa.

Ka san galibin na'urorin birel layi ɗaya gare su. Wadda aka fi amfani da ita gurbi 40 gare ta, akwai masu 14 da 20 da 80, kowane gurbi da ƙananan ƙusoshi takwas da ke tasowa suna komawa. Na taɓa zama kusa da wani matashi da muke gwada wani wasan kati da shi. Yatsunsa biyu manuniya suna bin layin daga hagu zuwa dama, bai kai rabi ba sai ƙusoshin suka nutse a ƙarƙashin yatsunsa, wani saƙon ya hau. Ya ɗaga hannu, ya kama nawa ya ɗora a kan na'urar don in ji abin da ya faru. Manhajar karanta allo ta NVDA, in ba a canza saitinta ba, daƙiƙa huɗu take barin irin wannan saƙo kafin ta share shi, mu kuwa mun gina abin ne da tunanin mai sauraro, wanda murya za ta jero masa jimla biyar yana ta danna maɓalli. Kuma hannun da yake karatu da shi, shi ne dai hannun da zai yi wasan da shi. Ba zai riƙe fad, wato hannun gem, yana karatu a lokaci guda ba. Wannan ya sa wasannin da ke jiran mutum ya yi tunani kafin ya taka, irin na kati da dara da na labari, su ne filin da za ka fi cin nasara. Ya kuma sa aikinka na gaskiya ya zama ciro rubutu da halin da wasan ke ciki daga cikin gem ɗin: me aka ce, ina yake tsaye, me ke gabansa, ransa saura nawa. A daidai wannan ciro ɗin ne ake haɗuwa da haƙƙin mallaka.

Tun yarjejeniyar TRIPS ta 1994, sashe na 10, ƙasashen da ke Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka amince a kare manhaja kamar yadda ake kare rubutun adabi, ko kod ɗin (rubutun umarnin manhaja) da mutum ke karantawa ne ko wanda aka juya don na'ura. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ita ma a haka ta ajiye manhaja. Gem kuma ba kod ba ne kaɗai. Akwai zane, akwai kiɗa, akwai labari da maganganun 'yan wasa, kowanne da kariyarsa, kuma Kotun Tarayyar Turai ta faɗi haka a shari'ar Nintendo da PC Box a 2014. Abin da ba a karewa shi ne dabara da ƙa'idar wasa. Babu wanda ya mallaki tunanin cewa kati mai lamba babba yana cin ƙarami. Sannan kuɗin da ka biya, izinin amfani ka saya, bisa sharuɗɗan nan da ake danna wa "na yarda" ba a karanta ba. Kai sai ka karanta su, musamman inda ake maganar gyara da binciken kod.

Mutane da yawa in an zo nan sai su ce ai akwai Yarjejeniyar Marakesh. Akwai ta, an ƙulla ta a Maroko a Yunin 2013, ta fara aiki a Satumban 2016, Najeriya ta shiga a 2017, kuma sashe na 26 na dokar 2022 a kanta aka gina shi. Ta ba da damar a juya aiki zuwa birel ko sauti ko manyan haruffa don makafi da masu wahalar karanta bugu, ba tare da neman izini ba, har a tsallaka da shi iyakar ƙasa. Ƙanenka yana cikin mutanen da take nufi. Gem ɗin ne ba ya cikin kayan da take nufi, domin ta kewaye kanta da rubutu da alamomin rubutu da zanen da ke tare da su, da littattafan sauti. Littafi aka sa a gaba lokacin da ake rubuta ta. Lauya zai iya tsayawa ya ce maganganun cikin gem ai rubutu ne, kuma hujja ce mai ma'ana, amma ba zan ba ka shawarar ka ɗora dukan aikinka a kanta ba. Birtaniya ta fi faɗaɗa nata: tun gyaran 2014, sashe na 31A na dokarsu ya ba duk mai nakasar da ke hana shi cin moriyar wani aiki damar a yi masa kwafin da zai iya amfani da shi, kowane irin aiki ne, muddin ta halal ya same shi kuma don kansa ne.

Wannan giɓi yana ci mini rai. Sashe na 30 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 ya ɗora wa ƙasashe nauyin tabbatar da cewa dokokin mallakar fasaha ba su zama shinge tsakanin mai nakasa da kayan al'adu ba. Gem yau al'ada ce ta matasa, a nan suke haɗuwa, a kansa suke hira. Yaron da aka bar shi a waje ba nishaɗi kaɗai ya rasa ba, abokai ya rasa.

To yaya za ka gina? Ka gina abinka a gefen gem ɗin, ya riƙa leƙa shi lokacin da yake gudana a kwamfutar wanda ya saya. Abin da 'yan gem ke kira mod ke nan. Naka zai karanta abin da ke ƙwaƙwalwar kwamfuta a wannan lokacin, ya miƙa wa manhajar karanta allo, ita kuma ta kai wa na'urar birel. Fayil ɗin da za ka raba kada ya ƙunshi ko layi ɗaya na kod ɗinsu, ko hoto, ko jerin maganganunsu. Wanda bai mallaki gem ɗin ba in ya sauke naka, ya zamana ba abin da zai yi masa. In da Unity, manhajar gina gem, aka gina gem ɗin, kayan aikin masu mod irin BepInEx da Harmony za su ba ka damar ɗora naka a kan nasu a cikin ƙwaƙwalwa ba tare da ka sake rubuta kod ɗinsu da ke kan faifai ba. Akwai kuma Tolk, wadda ke aika rubutu zuwa manhajojin karanta allo irin NVDA ko JAWS, murya da birel duka.

Ba don tsafta kaɗai na ce ka bi wannan hanya ba, kotuna sun bambanta ta da sauran. A 1992 Nintendo ta yi shari'a da kamfanin Galoob a Amurka kan Game Genie, wata 'yar na'ura da ake sa wa tsakanin kaset da injin wasa tana canza wasu lambobi, ta ƙara wa ɗan wasa rai ko ƙarfi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba a ƙirƙiri wani sabon kwafi mai zaman kansa ba, don haka ba a taka haƙƙi ba. Bayan shekara shida kotun nan ta yanke akasin haka a kan Micro Star, wanda ya tattara matakan gem ɗin Duke Nukem 3D guda 300 da 'yan wasa suka ƙirƙira ya zuba a faifai yana sayarwa, domin a nan an ci gaba da ba da labarin masu gem ɗin ne a wani abu tabbatacce, kuma don kuɗi. Na kusa-kusa shi ne hukuncin Kotun Tarayyar Turai na 17 ga Oktoba 2024 tsakanin Sony da Datel, kan manhajar da ke canza lambobin da gem ya ajiye a ƙwaƙwalwar PSP, injin wasan hannu na Sony, yayin wasa. Kotun ta ce dokar kare manhaja tana kare kod ne, ba ta kai ga waɗannan lambobi masu sauyawa ba, muddin ba za a iya sake haifar da manhajar daga gare su ba. Lura da cewa Game Genie da manhajar Datel kayan ha'incin wasa ne, masu canza abin da ke ciki. Naka karantawa kawai yake yi. Hukuncin waje ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma lauyoyi suna kawo irinsa a matsayin abin dubawa, kuma galibin kamfanonin da za ka yi hulɗa da su a ƙarƙashin waɗannan dokoki suke zaune.

Kafin ka san inda gem ya ajiye adadin rai ko sunan katin da ke hannu, dole ka buɗe cikinsa ka duba yadda aka ɗinka shi. A Amurka, shari'ar Sega da Accolade ta 1992 ta halatta irin wannan bincike in shi ne kaɗai hanyar gano yadda za a sa wata manhaja ta yi aiki da wata. Dokar manhaja ta Tarayyar Turai ta 2009 ita ma ta yarda a sashe na 6, da sharaɗin a tsaya a iya ɓangaren da ake bukata kuma kada a yi amfani da abin da aka gani don wata manufa. Ka duba, ka fahimta, ka rubuta naka. Kod ɗinsu da ka warware ya tsaya a kwamfutarka, kada ya hau GitHub, shafin da ake raba kod a intanet, tare da naka. A nan ne na fi ganin masu kyakkyawar niyya suna zamewa, don sauƙin aiki sai su tura babban fayil ɗin gaba ɗaya.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. In Turancin gem ɗin ya yi wa ƙanenka nauyi, zuciyarka za ta raya maka ka juya maganganun zuwa Hausa ka zuba a cikin mod ɗin. Fassara tana cikin haƙƙoƙin da doka ta keɓe wa mai aiki. Abin da ka yi a ɗaki don shi kaɗai ba shi ne zai jawo maka wasiƙar lauya ba, amma ranar da ka ɗora fassarar labarinsu sukutum a intanet ka raba kayansu ne a wani harshe. Gajerun bayanai naka na kanka, irin "ƙofa a gabas, taku uku" ko "saura kati biyu", waɗannan ka rubuta su da Hausa yadda kake so.

Makulli shi ne wuri mafi tsauri. Dokar Amurka ta DMCA ta 1998, sashe na 1201, ta mai da fasa kariyar fasaha laifi mai zaman kansa, ko da abin da za ka yi bayan fasawar halal ne. Dokar Najeriya ta 2022 ma ta shigo da haramcin fasa irin wannan kariya. A Amurka duk bayan shekara uku Laburaren Majalisar Dokoki yakan fitar da jerin waɗanda aka ɗauke wa haramcin. A 2021 aka sa gem na kwamfuta a ciki, don mai nakasar jiki ya yi amfani da wata hanyar ba da umarni da ba kibod ko linzami ba. Ka ga ke nan hanyar shigar da umarni aka duba, ƙanenka kuwa matsalarsa hanyar fitowar bayani ce. Ko wannan ɗin ma bai ɗore ba, a zagayen 2024 ya faɗi domin ba wanda ya shigar da takardar neman sabunta shi. Kuma ɗauke haramcin bai taɓa haɗawa da raba kayan fasawa ga wasu ba. Saboda haka gem ɗin da aka ɗaure da makullin Denuvo ko makamancinsa, in aikinka ba zai yiwu ba sai an cire ɗaurin, ka bar shi ka nemi wani. Masu shagon gem na intanet na GOG suna sayar da wasanni marasa makulli, daga can za ka fi samun sauƙin farawa.

Wasannin da ake bugawa da wasu ta intanet suna da nasu mai gadin, manhajar kama masu ha'inci irin Easy Anti-Cheat da BattlEye. Ita ba ta san niyya ba. Duk abin da ya leƙa ƙwaƙwalwar gem, ɓarawo ne a wurinta. A shari'ar 2010 tsakanin MDY, mai manhajar da ke buga wa mutum wasa kamar mutum-mutumi, da Blizzard, masu gem ɗin World of Warcraft, kotu ta ce saɓa sharaɗin hana amfani da mutum-mutumi a World of Warcraft karya alkawari ne, ba satar haƙƙin mallaka ba, amma ta kama mai manhajar da laifin kewaye mai gadin da ake kira Warden. Kai ko ba a kai ka kotu ba, za a iya rufe asusun ƙanenka. Ya taɓa faruwa da wani da yake gwada mana aiki, asusun da ya shekara yana tarawa aka rufe a dare ɗaya, muka yi ta rubuta wa kamfanin wasiƙa ba amsa. Har yau ina jin nauyin wannan, domin ni na ce masa ya gwada. Kada ka gwada komai a asusun da ƙanenka yake ƙauna.

Duk wannan yana sauƙaƙa in ka nemi izini, kuma sau da yawa ana samu, musamman wurin ƙananan kamfanoni inda wanda zai karanta saƙonka shi ne ya rubuta kod ɗin. Stardew Valley yana da mod na makafi mai suna Stardew Access, Slay the Spire yana da Say the Spire, dukansu wasanni ne da masu su suka bar ƙofar mod a buɗe. Hearthstone Access ya fito a 2021 ya buɗe wa makafi wasan katin Blizzard, kamfanin bai hana ba, sai dai duk lokacin da aka sabunta wasan sai 'yan wasan su zauna jiran masu sa kai su sake daidaita mod ɗin. Ka sa wannan a lissafinka, domin ranar da ka raba, ka ɗauki amanar mutanen da za su dogara da kai. A wasiƙarka ka faɗi wane ne kai, wa kake yi wa, cewa kyauta ne, cewa ba ya ɗauke da kayansu, cewa ba ya nuna wa ɗan wasa abin da mai ido ba ya gani. Ka roƙi amsa a rubuce, ko layi biyu ne, ka adana. In sun nuna sha'awa, ka roƙe su abin da ya fi mod amfani, wato su riƙa fitar da rubutun wasan zuwa manhajar karanta allo da kansu, ba su tsaya ga muryar da suka naɗa a ciki ba. Murya ta tsaya a kunne, rubutu kuwa yana isa yatsa.

Akwai kuma filin da ba ka bukatar izinin kowa, domin an riga an bayar. Da id Software suka saki kod ɗin Quake a ƙarƙashin lasisin GPL, mai ba kowa damar gyara kod ya raba, a 1999, daga nan aka samu AudioQuake na makafi, ko da yake zane da matakan wasan sun ci gaba da zama mallakar kamfanin. NetHack, wanda ya fito tun 1987, da haruffa ake iya zana taswirarsa gaba ɗaya, kuma littafin jagorarsa da kansa ya yi bayanin yadda masu birel za su saita shi. Lichess, dandalin dara ta Turawa, buɗaɗɗen kod ne kuma yana da yanayin makafi inda ake rubuta taku a karanta na abokin karawa a rubuce, kuma a nan ƙanenka zai kara da mutum a ko'ina a duniya ba tare da wancan ya san da yatsa ake karanta allon ba. Ga kuma wasannin labari na rubutu zalla, zuriyar Colossal Cave Adventure na 1976, inda ake rubuta "tafi arewa" wasa ya amsa da rubutu. Sharaɗin GPL shi ne in ka gyara ka raba, ka saki kod ɗinka a kan lasisin nan. NVDA ma a kansa take.

Na'urar birel tana da tsada, mai gurbi 40 takan kai dubban daloli, ƙananan irin Orbit Reader 20 kuma ɗaruruwa. Kafin ta zo hannu, NVDA tana da taga mai nuna maka a allo abin da zai fito a kan na'urar, da ita za ka fara gwaji. Ka tsara saƙonninka su shiga gurbi 20, abu mafi muhimmanci a farkon layi. Ka sa maɓallin da zai dawo da saƙon baya, da wanda zai tsayar da wasa cak har ya gama karatu. Jijjigar fad ko ta waya ka bar ta ga abu uku ko huɗu kawai, kamar "juyinka ne" da "an buge ka", kowanne da salon bugunsa, domin in sun yi yawa fata ba ta rarrabe su. Ka fara da wasa ɗaya mai jiran ɗan wasa, marar makulli, wanda ba ya bukatar intanet, kuma shi ƙanen naka ne zai zaɓe shi. Ka zauna kusa da shi ranar gwajin farko ka kalli yatsunsa, duk inda ka ga sun tsaya ko sun koma baya, ka rubuta wurin ka gyara.